Gajen Haƙuri ko Lissafi? Abin da Ke Raba Magidanci da Wasan Bidiyo Mai Dogon Zango

Duk wanda ya san Gagarawa Tasha ya san cewa jirgin ƙasa ne ya raɗa mata suna. Layin dogon da ya taso daga Kano ya ratsa Ringim ya biyo ta nan, ya wuce Malam Madori, har ya tuƙe a Nguru a shekarar 1930. Dattawan da suka yi fatauci a wannan jirgi sun san jira, domin mutum yakan yini a tasha da kayansa ba tare da ya ji ko da usur ba. Har yau kuma dattijo yakan zauna gindin bedi yana buga dara tun daga la'asar har a kira magariba. A al'adance dai yaro aka sani da garaje, babba kuwa da haƙuri.

Saboda haka abin lura ne ƙwarai a ji wani kuka da ya yawaita a bakin magidanta 'yan shekara 35 zuwa 45, a ƙasar nan da sauran ƙasashen duniya. Waɗannan su ne yaran da suka tashi da na'urorin Nintendo da Sega da PlayStation. Kukansu shi ne, wasannin bidiyo masu dogon labari da suka kwana a kansu suna samari, yanzu ba sa iya jure musu. Da yawansu sun yanke wa kansu hukunci cewa tsufa ne ya kama ƙwaƙwalwa, ko kuwa wayar hannu ce ta lalata musu natsuwa. Ilmin halittu bai goyi bayan wannan hukunci ba.

Da farko ya kamata a fayyace irin wasan da ake magana a kai. A gidajen gem na Gumel da Maigatari da ƙauyukan da ke kewaye, ƙwallon ƙafa ce sarauniya. A biya kuɗin wasa ɗaya, a kara na 'yan mintoci, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri, janareta na ruri a waje. Wasan dogon zango dabam yake. A cikinsa mai wasa yana shiga rigar wani jarumi ne, ya bi gari gari yana tambayar mutane, yana tara makamai da ƙarfi, labari na warwara sannu a hankali kamar tatsuniyar da ba ta ƙarewa a dare ɗaya. Japan ce ta yayata irinsa da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Final Fantasy VII, wanda ya fito a 1997 a kan faifai 3, yakan ci kimanin awa 40. Persona 5 na 2016 yakan kai wajen awa 100. A nan arewa masu yin irin wannan wasa ba su taɓa yin yawa ba. Galibi waɗanda ke da na'ura a gida ne, da isasshen Turancin karanta doguwar hira a allon talbijin. Amma abin da ya same su ya shafi kowa, domin tambaya ce a kan yadda ƙwaƙwalwa ke yi wa lokaci farashi.

A ɗauki zancen tsufa. Gaskiya ne akwai abin da ke raguwa. A 2014 masana a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun binciki bayanan mutum 3,305 masu wasan StarCraft 2, 'yan shekara 16 zuwa 44, suka ga cewa saurin da ke tsakanin ganin abu da ɗaukar mataki yana fara ja da baya tun daga wajen shekara 24. To, amma wannan bai warware matsalar ba, sai ma ƙara ɗaure ta da ya yi. Wanda hannunsa ya rage sauri ai wasa mai tafiyar hawainiya ya kamata ya fi so. Natsuwa kuwa, wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya shafi mutum fiye da 10,000, ya nuna cewa iya tsayar da hankali a kan aiki guda yana ƙaruwa ne har zuwa farkon shekarun 40 kafin ya fara sauka. Tun a 1994 ma Leonard Green da abokan aikinsa a Amurka sun gwada yara da samari da tsofaffi da zaɓi tsakanin kuɗi kaɗan yanzu ko masu yawa nan gaba, suka tarar yara ne suka fi rage darajar abin da sai an jira. Watau magidanci ɗan shekara 40 yana kan ganiyar natsuwarsa daidai lokacin da yake zargin kansa da rasa ta.

Amsar da ta fi gamsarwa tana wurin makiyaya. Duk wanda ya taɓa bin bisashe a dajin Sule Tankarkar bayan girbi ya ga yadda akuya ke yi da sauran harawar da ta zube a gona. Da ta iso sai ta yi ta ci ba ɗaga kai. Can abin ya fara ƙaranci, sai ta yi taku uku kafin ta sami loma. Ba ta jira sai ta tsince gonar ƙaf. Akwai lokacin da za ta ɗaga kai ta nufi gona ta gaba, alhali da sauran abinci a inda ta baro. A 1976 wani masanin zamantakewar halittu mai suna Eric Charnov ya tsara wannan ɗabi'a cikin lissafi. Ƙa'idarsa ita ce, dabba mai kiwo takan bar wuri ne a lokacin da abin da take samu a minti ɗaya ya faɗo daidai da matsakaicin abin da za ta samu a sauran dajin, idan an haɗa da wahalar tafiya. Daga nan abu biyu ke fitowa. In wuri na gaba yana da nisa, dabba takan daɗe a inda take. In kuwa daji ya wadata kuma wuraren suna kusa da juna, takan yi saurin tashi. Shekara ɗaya bayan haka Richard Cowie ya gwada wannan a Oxford da wani ɗan tsuntsu na ƙasar Turai. Ya ɓoye tsutsotsi cikin ƙananan gwangwanaye masu garin katako, ya sa wa wasu murfi mai wuyar buɗewa. Tsuntsayen suka riƙa daɗewa a kowane gwangwani idan buɗe na gaba zai yi wuya.

Yanzu sai a auna mai wasa da wannan ma'auni. Yaron 1998 da ya sami faifai ɗaya, sai an je Kano kafin ya ga na biyu, kuma sai mahaifinsa ya yarda. Babu wayar hannu, domin sai a 2001 layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya. Wuri na gaba yana da nisa, hutun makaranta kuwa ga shi har ya gundure shi. Dole ya tsince gonarsa ƙaf, har ya riƙa jin daɗin tsintar. Wannan yaro shi ne malamin sakandare na yau, mai jadawalin darasi da takardun jarrabawa da zai duba, da gonar riɗi, da iyali, da zumunci. A aljihunsa kuma akwai waya mai ɗauke da wasanni da fina-finai da labarai iya ganinsa. Ƙwaƙwalwarsa ba ta lalace ba. Dajin ne ya sauya, ita kuwa ta gyara lissafi.

Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Wanda ke da rabin awa kowane dare bayan sallar isha'i, in an yi sa'a da wuta, zai buƙaci dare 200 kafin ya gama wasa mai awa 100. A wannan tsawon lokaci gero ya isa ya nuna sau biyu. Ga kuma mantuwa, wadda Hermann Ebbinghaus ya auna tun 1885 ya nuna cewa mafi yawan abin da ke zubewa daga sabon koyo a farko-farko yake zubewa. Magidancin da hidima ta ɗauke shi mako biyu zai dawo ya tarar bai san inda aka aike shi ba, bai tuna wane ne maƙiyi ba. Rabin awarsa ta tafi wajen tuni.

Akwai kuma sinadarin dofamin, wanda ake yawan kira sinadarin jin daɗi, ko da yake wannan suna bai dace da aikinsa sosai ba. Wolfram Schultz ya auna ƙwayoyin jijiya masu fitar da shi a ƙwaƙwalwar birai, kuma a 1997 shi da Peter Dayan da Read Montague suka bayyana abin da aka gani. Idan aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin sukan yi harbi da ƙarfi. Idan ya saba, har ya san lokacin da ruwan zai zo, zuwan nasa ba ya ƙara motsa su. Abin da suke aunawa shi ne ratar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. A 1998 masana a Landan sun nuna cewa dofamin na fita a ƙwaƙwalwar mutum yayin da yake wasan bidiyo. To, wanda ya yi wasan dogon zango 20 ya riga ya san cewa ƙauyen jarumi zai ƙone, amini zai ci amana, kuma bayan sarkin mugunta akwai wanda ya fi shi. Ƙanensa ɗan shekara 14 bai sani ba. Allo ɗaya suke kallo, amma ɗaya yana samun abin da bai zata ba, ɗayan kuwa maimaici yake sha.

Nan ne laifin masu ƙirƙirar wasannin ya fito fili. Kaso mai tsoka na waɗannan awoyi ba labari ba ne. Kashe dodanni iri ɗaya ne sau ɗaruruwa don a tara ƙarfi, abin da masu wasa ke kira da kalmar Turanci mai ma'anar niƙa, sai kuma aike na je-ka-ka-dawo. Wannan ciko ne, kamar ɗalibin da ya rasa amsa ya yi ta maimaita tambaya don ya cika shafi. Kamfanonin da kansu sun amsa laifi a aikace. Da aka sake fitar da Final Fantasy VII a kan PlayStation 4 a 2015, an sa masa maɓallin ninka sauri sau 3 da na kashe faɗan kan hanya. Final Fantasy XII da aka sabunta a 2017 yana iya gudu ninki 4. Abin da za a iya ninka saurinsa sau huɗu ba a rasa kome ba, tun asali bai cancanci lokacin kowa ba.

Sai dai kada magidanci ya tafi da cewa duk inda ya ƙosa yana da gaskiya. Ƙa'idar Charnov loma take ƙirgawa, alhali akwai ribar da ba ta zuwa loma-loma. Mutuwar wata jaruma a Final Fantasy VII ta girgiza masu wasa ne saboda sun shafe awoyi masu yawa tare da ita. In da a minti na 10 ta mutu, da babu wanda zai damu. Jinkirin da ke gina wani abu dabam yake da ciko, kuma ƙwaƙwalwar da ta saba da saurin tashi tana iya kasa bambancewa. Abin da ya fi wannan muni shi ne inda ake komawa. Gajerun wasannin waya da yawa an gina su ne a kan abin da B. F. Skinner ya gano a jikin tattabaru, wato ladan da ke zuwa ba a san lokacinsa ba shi ya fi hana dabba dainawa. A kan wannan tubali caca take tsaye. Wanda ya ce ba shi da awa 100 yana iya zubar da fiye da haka a minti biyar-biyar bai ƙirga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, kuma ba ta ware gajere daga dogo ba.

Ɗalibi shi ne mai wadatar lokaci a wannan lissafi, shi ya sa niƙa ba ta dame shi ba. Yana da kyau ya san cewa awa 100 daidai take da darasi 150 na minti 40. Malami kuma da ke kukan cewa yaran zamani ba su da haƙuri, yana iya duban darasinsa da idon da yake duban wasan da ya ajiye: nawa ne bayani a ciki, nawa ne kwafar allo?

Gwajin Cowie ma ana iya kwatanta shi a harabar makaranta da kaji. A zuba ƙwayar gero daidai ƙirge cikin faifai huɗu, a cakuɗa da yashi. Ranar farko a jera su taku biyu tsakani, a saki kaza ɗaya mai jin yunwa, ɗalibi ya riƙe agogo ya rubuta daƙiƙun da ta yi a kan kowane faifai kafin ta matsa. Washegari a daidai wannan lokaci a nisanta su taku goma a sake. A maimaita da kaji biyar ko shida, a ɗauki matsakaici, sa'an nan a tankaɗe yashin a ƙirga ƙwayoyin da kowace ta bari.