DAGA TEBURIN MALAM: Na'urar Ba Ta Mutu Ba

 

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da ke da shagon wasan gem a zangonmu ya zo mini rai a ɓace. Ya sayi talabijin filasma, ya jona PlayStation 2 ɗinsa, sai hoto ya fito dishi-dishi, in ɗan ƙwallo ya ruga da gudu gefen jikinsa ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran matsefi. Har ya fara neman rancen kuɗin sabuwar na'ura. Na ce masa ya dakata, lafiyarta ƙalau.

Ga yadda abin yake. Kamfanin Sony ya fito da wannan na'ura a shekarar 2000, zamanin talabijin mai ƙaton baya. Irin waccan talabijin ba ta zana hoto gaba ɗaya. Takan zana layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, sannan ta koma sama ta cike na 2, na 4, na 6. A tsarin PAL da muka saba da shi, rabi-rabin nan na fitowa sau 50 a daƙiƙa guda, ido kuwa ba ya lura. Wannan shi ne hoton tsallake-layi, wanda ake rubutawa 576i, ko 480i a tsarin Amurka. Ita filasma cikakken hoto take nunawa, don haka sai ta ɗinke rabin biyu da kanta, kuma wurin ɗinkin ne ake samun dishin da ɗan jinkiri.

Maganin shi ne a sa na'urar ta aiko da layukan bi da bi, wato 480p. Wasu faifai sun zo da wannan tun asali: ka danne maɓallin X da mai kusurwa uku lokacin da wasa ke tashi, zai tambaye ka. Waɗanda ba su da shi, akan tilasta musu. Ana saka wani shiri mai suna Free McBoot a katin ajiya, shi kuma ya buɗe ƙofa ga wani shirin, GSM, inda za ka zaɓi 480p. Ba a kwance na'ura, ba a taɓa ta da dalma. In ka zare katin, ta koma yadda take.

To, amma a kula da abu uku. Na farko, wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar irin wannan hoto. Sai mai kai biyar: kore, shuɗi da ja na hoto, ja da fari na sauti. Na biyu, ba kowane wasa ke yarda ba. Wani allon zai yi baƙi ƙirin, wani hoton ya karkace. In haka ta faru, ka kashe ka bar shi yadda ya zo, kada garin neman gira a rasa ido. Na uku, yawancin siraran na'urori na ƙarshe, masu jerin lamba SCPH-90000, ba sa karɓar Free McBoot, saboda haka a duba lamba kafin a biya mai gyara.

Kuma kada wani ya yaudare ku cewa za ta zama sabuwa. Hoton zai tsaya cak, ya yi tas, amma abin da ba a zana a wasan ba, ba zai fito ba.

Ɗalibin nawa dai waya da kati kawai ya saya, bai ci bashi ba. Ladana guda na roƙa: duk yaron da ya gani da kayan makaranta kafin a tashi, ya koro mini shi aji.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.