"Yi Haƙuri" Ba Amsa Laifi Ba Ne

Da aka nemi kowa ya kawo abin da za a buga a wannan fitowa ta mujallarmu, niyyata ita ce in yi rubutu a kan karin magana. Sai na tuna da wani abu da ya sami kawuna a Legas a daminar 2025, wanda ya nuna mini cewa nazarin harshe da muke yi a aji yana iya tsare wa mutum jarinsa na shekara da shekaru. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk wanda aka kawo wa takardar neman biyan kuɗi bayan haɗarin mota yana da damar ya ce a dakata, a kawo hujja. Yin haka ba cin haƙƙi ba ne, kuma kalmar ban-haƙuri da ta fito daga bakinsa a bakin titi ba ta isa a ɗaure shi da ita ba.

Yadda abin ya faru

Kawuna yana da wata tsohuwar a-kori-kura wadda yake ɗaukar albasa da ita daga kasuwar Mile 12 zuwa ƙananan kasuwanni. Ran nan da safe ana yayyafi, yana cikin gosulo a wajen Ketu, sai wata jif ta kutso gabansa daga hannun dama, ta kuma taka birki nan take. Kawu ya taka nasa, amma bai sha ba, ya bugi kusurwar bayanta. Fitilar baya guda ta fashe, bamba ta ɓalle ta gefe ɗaya. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo.

Kawu ya fito yana yin abin da kowane dattijon Bahaushe zai yi. A zuciyarsa "yi haƙuri" yake nufi, amma da yake da ɗan guntun Turancinsa zai faɗa, abin da ya fito shi ne "sori Oga, sori". Mai jif kuwa wayarsa na hannu, yana ɗaukar komai. Daga nan aka wuce caji ofis, inda aka rubuta wata takarda da Ingilishi aka ce ya sa hannu a sallame shi. Allah ya taimake shi ya kira ni, ya ce, "Ɗana, zo ka karanta mini wani abu, don hankalina bai kwanta da shi ba."

Da na iso na karanta, sai na ga layi uku ne kawai, amma kowane layi da nauyinsa. An rubuta cewa ya amince laifin nasa ne gaba ɗaya, ya ɗauki alkawarin biyan duk abin da gyara ya ci da duk wata asara da ta biyo baya, kuma motarsa za ta zauna a nan sai ya gama biya. Babu adadin kuɗi a ciki. Wato dai an ba shi buhu marar gindi an ce ya cika. Da na fassara masa sai ya riƙe baki, ya ce, "Ni fa cewa aka yi takardar shaida ce cewa mun yi karo." Muka ce ba za a sa hannu ba, amma ga lambar waya, ga adireshi, ga kwafin takardun mota. An kai ruwa rana kafin a sake mu da motar.

Bayan kwana biyar sai ga takardar lauya. Ana neman Naira 2,400,000 cikin kwana bakwai, in ba haka ba a haɗu a kotu. An kasa kuɗin kamar haka: gyara 1,500,000, hayar wata mota ta kwana 14, 490,000, ɓata lokaci da damuwa, 260,000, ladan lauya, 150,000. Hujjar da aka kafa kuwa ita ce wai Kawu ya amsa laifinsa da bakinsa, ga hoton bidiyo.

Me "yi haƙuri" ke nufi?

A nan ne maganar ta zo gidanmu. Duk wanda ya zauna ajin ilimin ma'ana ya san ba a raba kalma da muhallin da aka faɗe ta. Bahaushe yana cewa "yi haƙuri" ga wanda aka yi wa rasuwa, alhali ba shi ya kashe mamacin ba. Yana faɗa wa wanda ɓarawo ya yi wa sata, yana faɗa wa masu faɗa in ya shiga rabo. Haka ma "sannu", ana yi wa wanda ya yi tuntuɓe ko da ba kai ka ajiye dutsen ba. Idan Bahaushe yana son ya ɗauki laifi, yana da kalmominsa daban: "laifina ne", "na yi kuskure", "na tuba", "ka yafe mini".

Abin sha'awa, maƙwabtanmu ma haka suke. Bayarabe yana da "pele" ta jajantawa, Inyamuri yana da "ndo". Shi ya sa a Turancin Nijeriya ake ce wa mutum "sori" in ya yi atishawa ko ya zame a kan hanya. Kowa a ƙasar nan ya san wannan, har da wanda ya rubuta waccan takarda. Ɗaukar kalmar jajantawa a mai da ita iƙirari wayo ne kawai, kuma ya fi kama wanda harshen ba nasa ba ne.

Amsar da muka bayar

Ni ba lauya ba ne, don haka sai da muka nemi shawarar wanda ya san doka. Abu na farko da ya gaya mana shi ne takardar lauya ba hukuncin kotu ba ce. Buƙata ce ta ɓangare ɗaya, kuma wa'adin kwana bakwai mai takardar ne ya yanka wa kansa. Amma kuma ya gargaɗe mu kada mu yi banza da ita, domin shiru yakan sa magana ta yi tsami.

Sai muka mayar da amsa a rubuce, cikin ladabi. Muka ce mun ga takarda, mun jajanta, amma ba mu amince laifin na mutum ɗaya ne ba. Muka nemi a ba mu ƙiyasin gyaran dalla-dalla daga garejin da ya yi shi, da rasit na hayar motar, sannan a bari a duba jif ɗin kafin a taɓa ta. Wannan ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya yi da'awa, kuma a Shari'ar Musulunci ma ƙa'idar ke nan. Kotunan ƙasar nan ba su yarda da asarar da aka ambata da baki kawai ba, sai an lissafa ta an tabbatar da ita. Haka kuma idan aka gano cewa shi mai ƙarar yana da hannu wajen aukuwar haɗarin, ana rage masa diyya gwargwadon sakacinsa.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. Da aka tambayi Kawu ko yana da inshora, sai ya ce, "Wannan takardar da ake nuna wa 'yan sanda?" Shekara da shekaru yana sabunta ta, bai taɓa sanin amfaninta ba. Alhali tun dokar 1945 aka wajabta wa masu mota a Nijeriya inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a shekarar 2025 ba ta janye wajabcin ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗin wannan inshora Naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Na babbar motar kaya 100,000 ne da iyakar miliyan 5, na babur kuwa 3,000 da iyakar miliyan 1.

Matsalar ita ce takardun jabu sun yi yawa, musamman waɗanda ake saya a hannun 'yan kamasho a bakin ofishin lasin. Muka danna *565*11# a waya muka sa lambar motar, gabanmu na faɗuwa. Sai ga sunan kamfanin ya fito. Ashe da 'yan sanda suka fara matsawa a kan inshora a watan Fabrairun 2025, wani abokinsa ya kai shi inda ake yin ta gaskiya. A cikin sharuɗɗan takardar har da cewa a sanar da kamfani da wuri, kuma kada mai mota ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba da saninsu ba. Ka ga ke nan da ya sa hannu a waccan takarda, da ya ba kamfanin ƙofar zillewa.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Mun sha zirga-zirga da cike takardu, har Kawu ya fara cewa a bar su da Allah. A ƙarshe kamfanin ya turo mai ƙiyasta ɓarna. Shi ne ya gano cewa a cikin lissafin gyara an cusa wata lotsawa ta ƙofar but wadda har ta yi tsatsa, da gyaran na'urar sanyaya mota wadda ke can gaba, inda a-kori-kura ba ta kusanta ba. Rasit na haya kuwa har yau ba mu gan shi ba. Bayan mako bakwai kamfanin ya biya Naira 580,000. Kawu ya ƙara 60,000 daga aljihunsa don kwana huɗun da jif ta yi a gareji, aka rubuta takardar sallama kowa ya sa hannu, bayan na karanta masa ita da Hausa.

Masu cewa a biya a huta

Ba kowa ya goyi bayanmu ba. Wasu dattawa a kasuwa sun ce wa Kawu, "Kai baƙo ne a garin mutane, ka sayar da motar ka rabu da fitina." Wasu suka ce jayayya a kan ɓarnar da ka yi cin haƙƙi ne. Ina girmama su, kuma na san tsoronsu ba na banza ba ne, domin sun ga yadda ƙaramar rigima ke rikiɗewa ta zama ta ƙabilanci. Amma ina da ja a kan maganganun biyu.

Na farko, haƙƙi yana da ma'auni. Wanda aka fasa wa fitila, fitila yake bi. Idan ya nemi kuɗin tsohuwar ɓarna, to haƙƙin ya juyo kansa. Motar nan da ita ake ciyar da mutum tara, su ma suna da haƙƙi a kanta. Na biyu, ɗan Nijeriya ba baƙo ba ne a Legas a gaban doka. Duk lokacin da ɗayanmu ya biya abin da ba a bin sa don tsoro, ya ƙara wa na bayansa tsada. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda rikicin da bai shafi aikata laifi ba. Gaskiya ne tuƙin ganganci laifi ne kuma suna da hurumin bincikensa, amma karɓar bashi ba aikinsu ba ne. Idan sulhu ya gagara, Legas tana da cibiyar sasanta rigingimu a ƙarƙashin babbar kotu tun 2002, da ƙananan kotuna na saurin yanke ƙarar kuɗi tun 2018, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya.

Ga masu ƙyamar inshora saboda addini, tun 2013 aka fitar da ƙa'idojin takaful a ƙasar nan, kuma akwai kamfanonin da ke yin ta motoci.

Sai dai kada a yi mini gurguwar fahimta. Ba na goyon bayan direban da zai buge mutum ya tsere, ko ya rantse a kan ƙarya. Idan akwai wanda ya ji rauni, asibiti ne farko, lissafi ya biyo baya. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma in motarmu aka buga mukan so a sake mana ita sabuwa. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani.

Kammalawa

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma da laifi a kotu damar samun tafinta kyauta. Amma a bakin titi, da kan teburin da ake rubuta takardar alkawari, babu mai ba shi. A nan ne ake cin mutanenmu, direbobi da 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, tun kafin magana ta kai gaban alƙali. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta fassara sharuɗɗan inshorar mota zuwa Hausa mai sauƙi, a boko da ajami, a shafi guda, mu raba a tashoshi da unguwannin Hausawa da ke kusa da mu. 'Yan'uwanmu Yarabawa da Inyamurai da ke koyon Hausa tare da mu za su fi kowa amfani a wannan aiki, tunda suna jin bakin ɓangarorin biyu.

Kawu dai yana nan yana jigilar albasarsa. Har yanzu in abu ya faru yakan ce "yi haƙuri", kuma ban so ya daina ba. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu ba ya sa hannu a takarda sai an karanta masa. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kuma ba mu ilimi mai amfani, amin.