A Ba Miyar Kwakwa Wuri A Murhunmu

A gidajenmu ana auna darajar miya da daɗewar da ta yi a kan wuta. In mace ta ɗora tukunya da la'asar ta sauke bayan magariba, sai a ce wance ta iya girki. In kuwa ta ɗora ta sauke nan da nan, sai a ce ha'inci ta yi, ko kuma ƙyuya ce ke damunta. Ni a nawa ra'ayin wannan ma'auni bai dace da kowace miya ba, kuma ina so in kafa hujja da wata miya guda da na koya, wadda ake yi da ɗanyen kifi da madarar kwakwa da lemon tsami. Daga ɗora tukunya zuwa saukewa ba ta wuce minti 20. Ina roƙon 'yan'uwana 'yan makaranta, maza da mata, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, su ba ni aron hankalinsu kafin su yanke mini hukunci.

Miyar nan dai baƙuwa ce. Ta mutanen bakin teku ce, inda bishiyar kwakwa take tsaye ko'ina kamar yadda giginya da goruba suke a wajenmu. A ƙasar Tailan, can gabashin duniya, suna da wadda suke kira tom kha. Sun fi yin ta da kaza, amma suna yi da kifi, su sa wani saiwa ɗan'uwan citta, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasu ke jefawa a shayi, da wani ruwan kifi da aka tsima da gishiri, watau daddawarsu ke nan. Mutanen Zanzibar da Mombasa, masu harshen Suwahili, su ma suna dafa kifi cikin madarar kwakwa. Har wata 'yar kujera gare su mai haƙoran ƙarfe a gaba, mace ta zauna a kai tana goga kwakwa, sunan kujerar mbuzi, ma'anarsa akuya. A jihar Bahiya ta ƙasar Burazil kuwa suna yin tasu da manja, wanda asalinsa daga nan Afirka ta Yamma ya tafi can a zamanin cinikin bayi. Kowa ya ɗauki kifi da kwakwa da lemo, ya ƙara abin da ke bayan ɗakinsa. To, mu me zai hana mu?

Kwakwa ba baƙonmu ba ce. Tsofaffi suna ce mata kwakwar Attagara don a bambanta ta da kwakwar manja, sunan ma ya nuna daga kudu ta iso mana. Har yau daga can ake yo lodinta, musamman daga wajajen Badagiri a Jihar Legas. Muna cin ta da dabino da aya, muna yin alawa da ita, muna markaɗa ta cikin kunun aya. In ban da masu dafa shinkafa da ita, ba mu yarda ta leƙa tukunya ba. Kifi kuwa Allah ya hore mana. Ga tafkin Chadi, ga Kainji da aka gama madatsarsa a 1968, ga Tiga, ga Argungu da ake bikin kamun kifi tun 1934, ga kuma masu kiwon tarwaɗa a tankuna cikin gari. Lemon tsami ko a bakin titi ana kasa shi.

Dalilin saurin miyar nan yana jikin kifin ne. Sa da rago a ƙasa suke tafiya, suna ɗauke da nauyin jikinsu, saboda haka namansu cike yake da jijiya mai tauri wadda sai ta sha wuta take laushi. Kifi kuwa ruwa ne ke ɗauke da shi, tsokarsa ba ta da wannan tauri. Masana abinci sun ce kifi ya nuna da zarar zafin cikinsa ya kai digiri 63, alhali ruwa sai ya kai 100 yake tafasa. Ashe in aka bar ɗanyen kifi yana ɓararraka awa guda, ba ƙara nuna yake yi ba, dagargajewa yake yi, ƙaya ta watsu cikin miya, a yi ta tsoron ba yara. Iyayenmu mata sun san haka sarai, shi ya sa suke soya kifi ya yi ƙayau kafin su jefa shi a miya, ko kuma su sayi banda. Watau ana ƙona mai don kifi ya iya jure wa wutar da tun farko ba ya bukatarta. Ku duba wannan da kyau.

Ga yadda nake yi wa gidanmu, mu shida. Nakan nemi kifi kamar kilo ɗaya. Giwan ruwa ya fi, don tsokarsa fara ce kuma ba yawan ƙaya, amma sau da yawa aljihu ba ya kaiwa, sai a koma ga tarwaɗa ko karfasa. Tarwaɗa sai an zuba mata ruwan zafi an kankare yauƙin nan tukuna. A yanka gunduwa-gunduwa, a wanke da lemon tsami, a barbaɗa gishiri a ajiye. Lemon yana kashe ƙarni, kuma malamarmu ta kimiyya ta ce ba camfi ba ne, tsamin ne yake kama sinadarin da ke ba da warin ya hana shi tashi zuwa hanci.

Aikin duk yana wajen kwakwa. Mutane da yawa suna zaton ruwan da ke cikinta shi ne madara. A'a, wannan na sha ne, a ba ƙanne su raba. Madara daga farin naman take fitowa. A fasa manya guda biyu, a ɓamɓare, a goga da abin goga kuɓewa, ko a markaɗa a injin markaɗe na gida in akwai wuta. A zuba kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a murtsuke da hannu, a matse cikin ƙyalle mai tsabta. Wannan tatsar farko ce, mai kauri, a ajiye ta daban. A sake zuba ruwan ɗumi kofi uku a kan tuƙar a matse, wannan ita ce ta biyu, mai ruwa-ruwa. Tuƙar ma ba a zubarwa, a soya ta da sukari yara su samu abin lasa. Gaskiya gugar nan takan ci kwata na awa, wanda ya ce duk aikin minti 20 ne bai ƙirga da ita ba. Sai dai aiki ne na zaune, ba wuta ba hayaƙi, ana yi ana hira. Mai hali kuma ya sayi ta gwangwani a kanti.

Daga nan sai a ɗora tukunya da man gyaɗa cokali ɗaya kacal. A soya albasa har ta yi laushi, a zuba dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta da attaruhu biyu, a juya. A yanka tumatir biyu a kai. Sai a zuba tatsa ta biyu, a sa gishiri da dunƙule, a bari ta tafasa kamar minti biyar. Yanzu a rage wuta, a jera kifi a hankali, a rufe. Kada a sa ludayi a yi ta juyawa kamar ana kaɗa kuka, in ana so a motsa sai a kama kunnuwan tukunya a girgiza. Bayan minti bakwai ko takwas a duba, in tsokar ta yi fari har ciki tana rabuwa da ƙaya, ya nuna. A zuba tatsar farko, a bar ta ta ɗauki zafi kawai, don in ta tafasa da ƙarfi takan tsinke, mai ya taso sama, miya ta yi kamar nonon da ya kwana. A sauke. Bayan an sauke ne ake matsa lemon tsami, biyu ko uku, ana ɗanɗanawa, a kuma tsince 'ya'yan don ɗaci gare su. Lemon da aka dafa ƙamshinsa gudu yake yi. Wanda ya manta duk abin da na faɗa, ya riƙe wannan na lemon.

Ranar da na fara yin ta, Goggo tana gidanmu. Ta leƙa tukunya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan kunu ne ko miya? Zaƙi da tsami a kan kifi?" Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri ki ɗanɗana tukuna." Ta ɗanɗana, ta ce ba laifi, amma dai ba ta kai taushe ba. Ban yi musu da ita ba, ai ba a musu da manya, amma maganarta ita ce babbar hujjata. Mece ce miyar taushe? Kabewa ce mai zaƙi, da gyaɗa mai maiƙo, da yakuwa mai tsami. To, kwakwa ta tsaya a wurin kabewa da gyaɗa, lemo ya tsaya a wurin yakuwa. Harshen Bahaushe ya san wannan haɗi tun kaka da kakanni, kayan ne kawai suka sake. Ta wajen kifi da citta da yaji kuwa, ai 'yar'uwar farfesu ce. Wanda yake shan farfesun kifi, yake kuma cin taushe da waina ranar Sallah, ban ga ta inda miyar nan za ta zame masa abin tsoro ba.

Akwai inda masu suka suke da gaskiya. Ba ta da yauƙi, saboda haka ba ta jan tuwon dawa ko na masara. Shinkafa take so, dafaffiya ko tuwonta, ko doya, ko burodi. Ba ta kwana, in ba firiji, don madarar kwakwa ba ta jure zafin ƙasarmu, watau ba zancen ɗumame. Maiƙonta da nauyi, wanda likita ya hana shi maiƙo ya yi hattara. Kwakwa kuma da tsada, tun da daga nesa take zuwa, ko da yake in aka cire man suya da itacen da aka rage, ratar ba ta kai yadda ake tsammani ba. Ban ce a kori kuka da kuɓewa ba. Sau ɗaya a mako nake roƙo.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne lokaci. Mu 'yan mata masu jeka-ka-dawo, mu taso daga makaranta da rana tsaka, mu tafi Islamiyya, mu dawo mu tarar da murhu yana jiranmu. Kafin a tuƙa tuwo, a kaɗa miya, a raba, a wanke kwanuka, an yi sallar isha'i. Sannan ne za ka ga yarinya ta buɗe littafin lissafi, ido ya yi ja saboda hayaƙi, tana karatu tana gyangyaɗi. Ɗan'uwanta kuwa tun la'asar yana filin ƙwallo, ya dawo ya yi wanka ya zauna da littafinsa. Ranar jarrabawar WAEC takarda iri ɗaya za a miƙa musu, ba wanda zai rage mata tambaya don ta yi girki. Hayaƙin ma ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 3 ne suka mutu saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙa. Miya ɗaya ba za ta gyara wannan ba. Amma awa guda da aka ƙwato daga bakin murhu kowane mako, in aka tara ta daga farkon zango zuwa ƙarshensa, ta isa a bi babi da dama.

Ku kuma 'yan'uwana maza, na san wasunku sun fara murmushi, wai girki na mata ne. Wa ke gasa tsire da balangu a garin nan? Wa ke soya ƙwai a teburin shayi? Sarkin fawa mace ce? Ashe ba wutar kuke kunya ba, wutar gidanku kuke kunya. Nan da 'yan shekaru wasunku za su tafi jami'a, daga nan bautar ƙasa, wataƙila ma a tura mutum Kalaba ko Legas inda kwakwa take araha. Wanda bai iya komai ba sai dafa Indomie zai gane kurensa. Miyar nan ba tuƙi, ba kaɗi, ba daka mai wahala, ita ce daidai ta mai koyo. Fasa kwakwa da ɓamɓare ta ma dama aikin ƙarfi ne, ga ku nan.

Iyayenmu, roƙona gare ku ƙarami ne. Ranar wata Asabar ku ba da kuɗin kwakwa biyu da kifi da lemo, ku aiki yaro ɗaya da yarinya ɗaya kasuwa, ku bar musu madafa na rabin awa, Inna ta zauna a tabarma tana kallo. Wanda aka aika ya ɗauki kwakwar ya girgiza a kunne, in ya ji ruwa yana motsi kuma da nauyi a hannu, mai kyau ce. In shiru, ko ya ga damshi a idanunta uku, ya ajiye ya ɗauki wata. Kifin kuma ya ɗaga murfin kunnensa ya ga ja ne jawur, ya danna tsokar da yatsa ya ga ta dawo, sannan ya yi ciniki.