Na san Ɗan Maraya ta memorin waya, kuma ban ji kunyar faɗa ba

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye sai ya fito.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Na kusa shekara talatin, ina digiri na biyu, a Bauchi aka haife ni, tsakaninmu da Jos tafiyar kamar awa biyu ce a mota, amma ban taɓa zama na saurari waƙar Ɗan Maraya Jos tun daga farko har ƙarshe ba sai a zangon karatun da ya wuce. Sunan dai na sani, kamar kowa. Da ya rasu a watan Yunin 2015, cikin azumi, na ga hotonsa yana yawo a Facebook, na rubuta "Allah ya jiƙansa" na wuce abina. A lokacin duk waƙar da ba ta Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Ali Jita ba, ni a wurina waƙar tsofaffi ce, ta Baba da rediyonsa.

Ga yadda abin ya faru. Wayata ta faɗi a ruwa, memorin ya tafi da duk abin da ke ciki. Na shiga Wunti na sayi sabo, na miƙa wa yaron da ke tura waƙoƙi a kwamfuta. Ya ce me za a sa? Na ce masa ina fama da babi na biyu na bincikena, ina son abin da zan riƙa ji da dare wanda ba zai cika mini kunne da hayaniya ba. Ya ce, "Yaya, bari in sa maka na dattawa." Da na koma ɗaki a Yelwa na duba, sai ga folda an rubuta mata Best of Danmaraya, waƙa ashirin da 'yan kai a ciki. Na ce a raina yaron nan ya cuce ni.

Daren ranar aka ɗauke wuta, kwamfutata ta mutu, zafi ya hana barci. Na sa abin ji a kunne na danna ta farko don kawai lokaci ya wuce. Waƙar Karen Mota ce. Wallahi sai da na maimaita ta sau uku.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙarancin kayan aikin. Babu 'yan amshi, babu makaɗa a baya, babu na'urar gyaran murya. Mutum ɗaya ne da kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Da wannan ɗan abin ya riƙe ni har aka kira assalatu. Na biyu kuma, wanda ya zaɓa ya yi wa waƙar. Mun saba mawaƙi ya wasa sarki ko attajiri ko ɗan siyasa, wanda zai ba shi doki ko mota. Shi kuwa sai ya ɗauko yaron mota, mai lodi, mai canza taya, mai tura mota in ta mace, wanda fasinja ba ya ko tambayar sunansa. Bayan kwana biyu na je tasha raka wani, na tsinci kaina ina kallon yaron da ke ɗaure kaya a bayan mota kamar ban taɓa ganin irinsa ba. Shekara nawa ina shiga mota, sai da wani mamaci ya nuna mini shi.

Daga nan na bi sauran. Gulma Wuya, inda yake fito da magulmaciyar unguwa da yadda take haɗa baki da boka a kashe auren mutane. Auren Dole. Jawabin Aure. Mai Akwai da Babu. Yana sauya murya, ya zama wannan ya zama wancan, kai ka ce wasan kwaikwayo ne na rediyo, alhali baki ɗaya ne ke magana. Duk wanda ya taso a gidan yawa zai gane mutanen da ke cikin waƙoƙin nan, don akwai su a layinsu.

Sai daga baya na nemi sanin ko wane ne. Adamu sunansa, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sarkin ya riƙe shi. Ka ga inda sunan ya samo asali. Da na san haka sai na daina mamakin yadda idonsa yake kan na ƙasa. Turawa suna da babban matsayi da suke ba irin wannan mawaƙi, wanda shi zai tsara waƙarsa, shi zai kaɗa, shi zai rera. Ɗaya daga cikinsu, Bob Dylan na Amurka, har kyautar Nobel ta adabi aka ba shi a 2016, shekara ɗaya bayan rasuwar namu.

To ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Ina da aboki da ya karanta Hausa a digirinsa na farko. Na same shi wurin mai shayi ina ta zuba masa labarin abin da na gano, sai ya yi dariya ya ce, "Mutumina, wanda ya san mawaƙi ta Best of ai bai san shi ba. Romo ka sha, ba ka ga nama ba." Muka yi ta musu har shayin ya huce. Na kwana biyu ina juya maganar, kuma ga inda na tsaya: rabin maganarsa ban yarda ba, rabin kuwa gaskiya ce mai ɗaci.

Rabin da ban yarda da shi ba shi ne rainin. Mu 'yan boko muna da wata ɗabi'a, in mun riga wani sanin abu sai mu sa shi ya ji kunyar zuwa a makare. Haka ake yi a aji, haka ake yi a nan Facebook. Wa ya taɓa fara sanin mawaƙi da dukkan waƙoƙinsa? Shi kansa abokin nawa da waƙa ɗaya ya fara, wadda malami ya kawo musu aji. Ɗalibin da ke tsakanin lakca da aikin gida da neman kuɗin makaranta, in ka ce masa sai ya saurari waƙa ɗari kafin ya isa ya ce yana son Shata, to ka kore shi ke nan. Tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi zaure ne. Baƙo ta zaure yake shiga gida, kuma ba a yi masa dariya don bai faɗo ta katanga ba.

Kada kuma a raina memori. Akwai wani makaɗin jita Buzu daga Nijar, Mdou Moctar. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Ba kanti ne ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya aka riƙa tura waƙoƙin ta Bluetooth da memori har suka zagaye Sahara. Wani Ba'amurke ya tattara irin waɗannan waƙoƙi na cikin wayoyin mutane ya fitar da su a faifai guda a 2011, da tasa a ciki. Yau mutumin yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa, masu son kiɗan rok suna cika wuraren wasansa. Ta tarin waƙoƙi duniya ta san shi. Saboda haka yaron Wunti da kwamfutarsa ba ƙaramin aiki yake yi ba, ko da shi bai sani ba.

Yanzu ga rabin da abokina ya yi gaskiya. Duk tarin da aka ce "mafiya kyau", wani ne ya zaɓa, kuma abin da ya bari a waje ba za ka san an bari ba.

Misalin da ya fi fito mini da wannan shi ne Bob Marley. Yawancinmu da muka san shi, ta kundin Legend muka san shi, ko mun san sunan kundin ko ba mu sani ba. An fitar da shi a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, kuma babu kundin rege da aka saya kamarsa a duniya. Amma a cikinsa babu waƙa ko ɗaya daga kundinsa Survival na 1979, inda waƙar Zimbabwe da Africa Unite suke. Mutumin da aka gayyata ya yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabuwe a 1980, sai ga shi masu zaɓe sun fi nuna wa duniya ɓangarensa mai taushi, na soyayya da kwantar da hankali, don shi ya fi saye. Ba ƙarya suka yi ba, nasa ne duka. Sai dai hoton bai cika ba.

Haka foldata take. Ɗan Maraya ya yi waƙoƙi da dama a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yana ƙarfafa sojojin tarayya. Ko ɗaya babu a cikin abin da aka tura mini. Da na tsaya a nan, da na rantse mutumin bai taɓa taɓa maganar ƙasa ba. Abin da ya fi wannan, wani da muke layi ɗaya, ɗan Haɗeja, ya ji ina sauraron wata a ciki sai ya ce, "Kai, wannan ai Haruna Uji ne, ba ka ji gurmi ba?" Sati uku ina yaba wa Ɗan Maraya waƙar da ba tasa ba. Wasu fayilolin kuma sunansu Track 7, wasu an yanke ƙarshensu, babu wanda ke ɗauke da shekara.

A nan bambancinmu da su yake. Wanda ya shiga Marley ta Legend, in ya so wucewa ciki, kowane kundi yana nan da sunansa da shekararsa, a jere. Mu kuwa sau da yawa in ka wuce zauren sai ka tarar da duhu. Ba wai ba a yi aiki ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka yana rubuta su, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta Shata Ikon Allah. Amma wannan ilimi yana cikin littafi a laburare, waƙoƙin kuma suna cikin waya, kuma ba su cika haɗuwa a hannun matashi ɗaya ba. Mai littafi yana raina mai memori, mai memori bai san da littafin ba.

Ranar wata Juma'a na je gida na ce, "Baba, ashe haka Ɗan Maraya yake?" Ya dube ni ya ce, "Sai yanzu?" Ya tashi ya shiga ɗaki ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, cike da kaset. Ɗan Maraya, Shata, Ɗanƙwairo, har da Barmani Coge na Umma. Wasu da hannunsa ya rubuta shekarar da ya saya a jiki. Rikodar da ke kunna su ta mutu tun ina sakandare. Muka zauna har la'asar yana ɗaukar kaset ɗaya ɗaya yana ba ni labarin inda yake lokacin da ya fara jin kowace waƙa. Ni da Baba hirarmu ba ta cika wuce "ya karatu" da "Allah ya taimaka" ba. Ranar ce na fara jin wasu abubuwa na ƙuruciyarsa. Biyu daga cikin kaset ɗin zarensu ya riga ya manne, sun tafi ke nan.

Shi ya sa nake ganin musun "ka san shi ko ba ka san shi ba" ɓata lokaci ne. Masu riƙe da cikon labarin suna gidajenmu, suna tsufa, kaset ɗinsu yana lalacewa. Mu kuma da aka koya mana cewa ba a kawo magana a bincike sai da sunan mai ita da shekara, mu ne muke tura wa juna waƙa a WhatsApp ba suna ba komai.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar tallafin kowa. In ka je hutu, ka tambayi Baba ko Kawu ko Gwaggo ko akwai kaset a gida. In akwai, ka nemi mai rikoda a juye shi zuwa waya tun bai manne ba. Ka zauna da su su faɗa maka sunan waƙar, wanda aka yi wa, da kusan lokacin da ta fito, ka rubuta a sunan fayil ɗin kafin ka tura wa kowa. 'Yan kwamfuta da ke neman abin da za su yi aikin kammala digiri a kai, ga aiki nan a gabanku. 'Yan Hausa da Tarihi, ku sauko da abin da ke cikin littattafanku zuwa inda muke. In ka ga ƙaninka ya fara da Best of, kada ka yi masa dariya, ka tura masa waƙa ɗaya da ba ta ciki.

Na san akwai 'yan uwa da ba sa sauraron kiɗa kwata-kwata, ina girmama matsayinsu, kuma ba wannan muhawarar na buɗe ba.

Ni dai na gyara foldata. Na cire waƙar Haruna Uji na buɗe masa tasa, na sa wa sauran sunayen da Baba ya tabbatar mini. Jakar kaset tana ɗakina yanzu, ina neman rikoda mai aiki. Wanda yake da ita a Yelwa ko Gwallameji ko cikin gari, don Allah ya yi mini magana, zan zo har inda yake. Ku kuma ku faɗa mini: wane mawaƙi kuka sani ta folda ɗaya kacal, kuma wa ke gidanku da zai iya cika muku sauran?

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema.