Yanzu Kaji Ne Ke Zaɓa Wa Mutum Unguwa

Jama'a, akwai wata tambaya da ta shigo cikin cinikin gidan haya a garuruwanmu. Da, mai neman gida ruwa yake tambaya, sai wuta, sai nisan makarantar yara. Yanzu bayan ya gama waɗannan sai ya sassauta murya ya ce wa dillali, "To mai gidan yana barin kiwo?" In aka ce a'a, cinikin ya mutu ke nan.

Kada ku ɗauka sha'awa ce kawai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta taɓa 1,000. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000. Malamin makaranta, ɗan fansho, bazawara mai marayu, duk sun gane cewa keji ɗaya a bayan ɗaki shi ne albashi na biyu. Kaji 50 masu ƙwai in suna kan ganiyarsu za su ba ka sama da kiret ɗaya a rana. Wannan ai kuɗin cefane ne.

To amma a ina za a ajiye su? Nan gizo ke saƙar.

A cikin gari haya ta yi tsada, tsakar gida ta matse, maƙwabci kuma yana da hakki. Mu faɗi gaskiya, kashin kaji in ya jiƙe da damina warinsa ba ya tsayawa a katangarka. Ga ƙuda, ga ɓera. Kuma ba mu manta da murar tsuntsaye ba, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, a wata gona a jihar Kaduna. Wanda ya kai ƙara wajen mai unguwa ko duba-gari ba lallai ne hassada ta kai shi ba.

Matsalar ita ce mai kiwo bai san iyakarsa ba. Je ka tambayi mutum goma a unguwarku kaji nawa aka yarda a ajiye a gidan zama. Kowa da amsarsa. Abin da aka sani shi ne kada ka damu jama'a da wari ko hayaniya. To wa zai auna warin? Sai abin ya koma hannun mai gidan haya, ko jami'in da ya zo ranar, ko maƙwabcin da kuka samu saɓani a kan kwata. Yau a ƙyale mai kaji 500 saboda shi wani ne, gobe a ba mai kaji 30 wa'adin mako guda.

Shi ya sa mutane ke tattara nasu ya nasu su yi bayan gari. A Kano sai ka ji an koma wajejen Kumbotso, Ungogo, Gezawa ko Dawakin Kudu. A Abuja, inda haya ke cinye albashi kuma rukunin gidaje da yawa ba sa yarda ko zakara ya yi cara, sai a gangara Kuje, Gwagwalada, Suleja ko Masaka. Can fili ya fi araha, iska ta wadata, babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 110 zuwa 120 a rana. Ke nan kaji 100 za su tashi da buhu mai kilo 25 cikin kwana biyu. Abinci shi ke cin kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin kiwo. Buhun nan daga gari za a ɗauko shi, ƙwan kuma gari za a mayar, don mai shayi da mai shago a can suke. Abin da ka rage a haya sai ka miƙa wa mai adaidaita. Ga hanya marar kyau mai fasa ƙwai, ga ruwa sai ka haƙa rijiya, ga maganar tsaro. Matar da ba ta fita sosai kuwa, wadda cinikinta a ƙofar gida yake, in an raba ta da unguwa an raba ta da kasuwarta gaba ɗaya.

Abin da ya fi ciwo, garin ma biyo ka yake yi. Unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Danbare ai gonaki ne a da. Mutum ya je daji ya gina ɗakin kaji, bayan shekara bakwai gidaje sun kewaye shi, waɗanda suka iske shi su ne za su ce ya tashi. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta karkara a hannun ƙaramar hukuma. Ranar da birni ya haɗiye wurin, an sauya maka alƙali kana tsakiyar wasa.

Ni a ganina ba hana kiwo ne mafita ba, ba kuma sakin kowa ya yi yadda ya ga dama ba. A rubuta doka a fili. Birnin New York na Amurka ma ya yarda a ajiye kaji mata, zakara ne ya hana. Nairobi ta yi dokar noma da kiwo a cikin birni tun 2015. Mu da kaza ke cikin tarihin kowane gida, me ya gagare mu?

A ce gida mai faɗi kaza, kaji kaza. A faɗi tazarar keji da tagar maƙwabci. A wajabta kwashe kashi a kan lokaci, wanda dama manoman lambu saye suke. Wanda kiwonsa ya girma a ware masa wuri a bayan gari mai hanya da ruwa, da takardar da za ta kare shi ko gari ya iske shi. Tun 2024 muna da ma'aikatar kiwo ta tarayya, amma wannan aikin na majalisun jihohi ne da kansiloli. Su ya kamata mu tasa a gaba.

Ku kuma masu kiwo, ku taimaki kanku. Ku riƙa sauya ɓuntu kafin ya jiƙe, kada ku cusa kaji 200 a wurin 50. Kuma lokaci-lokaci a aika wa maƙwabta ƙwai, zumunci ne.

Masu kiwo da maƙwabtan masu kiwo, yaya abin yake a unguwarku? Kaji nawa kuke ganin ya dace a bari a gidan zama? Allah Ya sa albarka a neman kowa.