Wake, Ƙwaro Da Guba: Nasiha Ga Malamai Da Fatake



Ina so in yi magana a kan wani irin ilmi wanda mutanenmu ba su cika ba shi girman da ya cancanta ba, watau binciken da masana ke yi a manyan makarantu domin warware wata wahala ta zaman yau da kullum. Da yawa daga cikinmu, in an ambaci bincike, sai su ɗauka wani aiki ne na masu farar riga da kwalabe, wanda ba ruwansa da mai awo a bakin kasuwa. Ni kuwa abin da na gani shi ne, irin wannan ilmi domin mai awon aka yi shi, kuma ba ya isa wurinsa sai ta hannun ɗan kasuwa da bakin malami. Zan kafa hujjata da abu guda wanda ba gidan da ba a dafa shi, shi ne wake.

Ku sani, duk duniya ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin waken nan namu, mai bi mata kuwa ita ce Nijar. Daga kasuwar Dawanau ta Kano motoci ke ɗaukarsa zuwa Ikko da Badun da Anaca, har ƙasashen maƙwabta. Shi ne naman talaka. Da shi a ke ƙosai da alale da ɗanwake, shi ke riƙe cikin yaro a ranar da ba a ɗora tukunyar nama ba. Amma wake yana da abokin gaba wanda ba ya barci, watau ɗan ƙwaron nan mai huda shi. Tun daga gona ya ke biyo shi. Macen tana manna ƙwai a bayan ƙwayar wake, mace ɗaya ta kan yi ƙwai gommai. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta kutsa ciki, ta ci ta ƙoshi, ta rikiɗe, sa'an nan ta huda ta fito ta zama ƙwaro. Duk wannan a lokacin zafi bai fi kamar wata guda ba. To, ku lissafa da kanku: in kowane wata jikoki suka haifi jikoki, me zai saura a buhu bayan wata shida? Sai gari da wari da wake mai ramuka wanda mai saye ba ya ko dubansa.

Wannan ƙwaro shi ke tilasta wa manomi ya sayar da wakensa da kaka, sa'ad da kasuwa ta cika, kuɗi ya faɗi. Shi ne kuma ya tura waɗansu masu ajiya ga mugun magani. Wani ya yayyafa fiya-fiya a kan wake, wani ya zuba maganin feshin auduga, wani ya tura ƙwayar nan mai fitar da tururin guba tsirara cikin buhu, alhali kuwa ba don a cuɗanya su da abinci haka aka yi su ba. Ƙwaro ya mutu, riba ta tsira, amma gubar ta bi wake har cikin tukunya. A shekarar 2008 'yan mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Jihar Gombe aka kwashe zuwa asibiti bayan sun ci wake mai magani. A shekarar 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an auna an tarar da guba irin ta fiya-fiya a cikinsa, a wani buhun ma ta ninka haddin da su ka yarda da shi sau ɗaruruwa. A 2016 su ka ƙara wa hanin shekara 3. Wanda ya zuba da wanda bai zuba ba, duka aka rufe musu ƙofa. Ashe gaskiyar mutanen da ne da su ka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

To, yanzu ku ji abin da bincike ya yi. A shekarar 1987 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, sunansa Larry Murdock, ya haɗa kai da masanan aikin gona na Marwa, a arewacin Kamaru, domin neman hanyar ajiye wake ba da guba ba. Abin da ya ba ni sha'awa ga aikinsu shi ne, da tambaya su ka fara. Sun shiga ƙauyuka sun duba yadda mata ke cuɗa wake da toka a tulu, su ka koma su ka gwada, su ka auna. Sai su ka tarar dabarar kakanni gaskiya ce, amma tana da sharaɗi: sai tokar ta zama tankaɗaɗɗiya, yawanta ya kai yawan waken, a kuma rufe samansa da wata tokar. Wannan ya isa ga mai ajiye iri ko mudu kaɗan, amma ina mai buhu 100 zai samo toka buhu 100?

Sai su ka juya ga rana, wadda mu ke da ita kyauta har mu na kuka da ita. Su ka gano in zafi ya kai digiri 57, ya kuma dawwama sa'a guda, ƙwaro da ƙwai da tsutsar da ke ɓoye cikin ƙwaya duk su na mutuwa. Shanya irin tamu a tabarma ba ta kai wannan haddi, domin iska na kwashe zafin, ƙasa kuma na shanye shi. Saboda haka su ka tsara dabara mai sauƙi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, a ɗora baƙar leda, a baza wake a kanta ba da kauri ba, a lulluɓe da farar leda wadda a ke ganin abu ta cikinta, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bar shi kamar sa'a 2 da tsakar rana. Baƙar leda ta kama zafi, farar ta tsare shi, ciyawa ta hana ƙasa sha. Waken kuwa ba ya ƙin tsira in an shuka shi, ba ya ƙin nuna in an dafa. Amfani da ƙarfin rana ba baƙon abu ba ne a ƙasashenmu. Shehun malami Abdu Mumuni na Nijar, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan wannan fanni ya ƙarar da yawancin rayuwarsa, a Sakkwato ma tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'a. Abin da ya rage shi ne mu ɗauki ranar nan ma'aikaciya, kamar yadda mu ka ɗauki jaki da rijiya.

Amma babban abin da ya fito daga wannan aiki shi ne buhu mai riɓi uku, wanda a ke kira PICS. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sa'an nan buhun saƙa daga waje domin ya ɗauki wahalar ɗauka da saukewa. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure bakin kowace leda daban, a ɗaure na waje. Shi ke nan, ba a sa kome a ciki. Hikimar kuwa ita ce, iskar da mai rai ke numfashi da ita, wadda masana ke kira oksijin, kashi 21 ce cikin 100 na iskar duniya. In an toshe buhu, ƙwarin da kansu su ke shanye ɗan abin da ke ciki cikin 'yan kwanaki, sai su daina ci, su daina haihuwa. A shekarar 2012 masanan su ka bayyana wani abin mamaki, cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa su. Domin tsutsar nan ba ta shan ruwa, daga abincin da ta ci jikinta ke tatso ruwa, ba ya kuwa iya tatsowa sai da wannan iska. Mutumin da ya san wannan ba zai riƙa kwance buhu kowane mako don ya leƙa ba, zama ya san kowace buɗewa numfashi ce ya ba maƙiyinsa.

Duk da haka dabarar ta yi shekaru ba ta yaɗu sosai ba, domin ba wanda ke ƙera buhun ya kai shi kasuwa. Sai a 2007, da taimakon kuɗi daga gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka bazu da shi cikin ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar da Cadi da Gana. Masanan aikin gona na Maraɗi sun gwada shi a ƙauyukansu, wata masana'anta a Kano ta shiga ƙera shi. Yadda aka shawo kan jama'a kuwa abin koyi ne. A tara mutanen gari a cika buhu a gabansu, a ɗaure, a bar shi a hannun mai shi. Bayan wata huɗu ko fiye a sake tara su, a kwance a gaban kowa, kowa ya ɗiba ya duba. Gani ya kori ji. Nan ne hujjata ta ke: ilmin yana nan tun tuni, amma bai tsare wake ko mudu ɗaya ba sai da ya sami mai ƙerawa, da mai sayarwa, da mai shaida.

Na san abin da wani attajiri zai ce. Zai ce buhun nan ya fi buhun yau da kullum tsada, ɗaure baki uku aiki ne ga mai kaya cike da sito, ɓera na iya huda shi, mai saye kuma ya saba soka ƙarfe a buhu ya ga samfur. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma buhun da aka kiyaye, aka ɗora shi bisa katako nesa da bango, ya kan yi shekara biyu ko uku ana amfani da shi, ba a kuma sayen magani. Wanda kayansa su ka yi yawa yana da durom na ƙarfe mai murfi, hikimar duk ɗaya ce. Samfur kuwa a ware shi a kwano tun ranar cikawa. Sa'an nan in za a yi lissafi a yi shi cikakke. A sa kuɗin asibitin yaron da ya ci, a sa kasuwar Turai da aka rufe, a sa sunan waken Arewa da ke zubewa a Kurmi duk sa'ad da jita-jitar wake mai kisa ta tashi. Wanda ya lissafa kuɗin buhu kaɗai, ya bar waɗannan, araharsa ba ta yi ado ba.

A gona ma binciken bai tsaya ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda asalinta ke komawa 1922, aka kuma haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da wani irin wake a ƙarshen 2019 mai suna SAMPEA 20-T, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku. An dasa masa wani sashe daga halittar wata ƙwaya ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, domin ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso, har feshin da a kan yi sau 6 ko 8 ya koma kamar sau 2. Mutane sun yi saɓani a kan irin wannan dashe, tambaya kuwa haƙƙin mai ci ce da mai shuka. Abin da na ke roƙo shi ne a kai tambayar wurin masu aikin, a nemi su nuna gonar gwaji da sakamakon awo, kada a yanke hukunci da abin da aka ji a tashar mota. A kuma sani wannan iri ba ya hana ƙwaron sito, buhun dai ba makawa.

Saboda haka, ya ku fatake da dillalai, ga abin da ke hannunku. Ku sa buhun nan cikin hajarku, ku kai shi kasuwannin ƙauye kafin kaka, domin manomi ba zai yi tafiyar yini don buhu biyu ba. Ku guji na jabu mai siririyar leda, ku hura kowace leda ku gwada ko tana yoyo kafin a zuba. Shugabannin kasuwa su keɓe layi domin waken da ba a sa wa magani ba, a san shi, a ba shi kuɗinsa. Ranar da mai tsabta ya ga ribar tsabtarsa, mai zuba guba zai bari ba sai an kama shi ba.

Ku kuma malamai, Allah ya gafarta muku, yawancinku manoma ne, kuma a rumbunanku a ke tara abincin almajirai. Ku fara gwadawa a gida, ku cika buhu a gaban ɗalibai da maƙwabta, ku kwance shi a gabansu. Hukuncin mai ɓoye aibin haja ga mai saye, kun fi ni saninsa nesa. Abin da na ƙara muku kawai shi ne, gubar da ba ta da launi, ba ta da alama, tana cikin mafi munin aibi, domin mai saye ba shi da hanyar ganinta. In mai ajiya ya zo gaishe ku da kaka, ku tambaye shi da me ya ke tsare wakensa. Tambayarku ɗaya ta fi takardar gargaɗi goma.

Masu bincike su ma akwai magana a kansu. Sakamakon da aka rubuta da Turanci aka kulle a kabad, daidai ya ke da rijiyar da ba ta da guga. Su rubuta da Hausa, da boko da ajami, su zo ranar kasuwa su tsaya inda a ke awo, su saurari ƙorafin mai sito kamar yadda na Marwa su ka saurari matan ƙauye. Hukuma kuwa ta riƙe waɗannan cibiyoyi da kuɗin aiki a kan kari, ta kuma kafa wurin auna guba a manyan kasuwannin hatsi, yadda mai gaskiya zai sami takardar shaida a hannunsa.

Kaka na zuwa kowace shekara, ƙwaro ma ba ya saɓa alkawari. Wanda ya ji wannan ya gaya wa wanda bai ji ba, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci halalinmu da lafiya.

Haza wassalam.