Kafin ka tura saƙon "jirgin 737 ne", duba lambarsa

Duk Basakkwacen da ya mallaki hankalinsa a 2006 gabansa kan faɗi idan aka ambaci Boeing 737. Irin wannan jirgi ne, na kamfanin ADC, ya faɗi ranar 29 ga Oktoba na shekarar, jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da mutane da dama. Allah Ya jiƙansu. Shi ya sa idan jigilar alhazai ta kama, saƙon murya guda a WhatsApp ya isa ya hana iyalai barci a Tambuwal da Kebbe, alhali maniyyacinsu na zaune lafiya a sansani.

Sai dai 737 sunan gida ne, ƴaƴan gidan kuwa da yawa. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, ta ba kowane samfurin jirgi lambar da ba ta wuce haruffa da alƙaluma huɗu ba. Ita matuƙa ke rubutawa a takardar tsara tafiya, ita kuma za ka gani a manhajar Flightradar24 idan ka taɓa hoton jirgi. Wanda ya faɗi a 2006 B732 ne, wato 737-200, ƙirar da ta fara aiki tun 1968. B738 shi ne 737-800. Shi kuwa 737 MAX 8, wanda ya yi hatsari a Indonesiya a 2018 da Habasha a 2019, lambarsa B38M.

Nan ne wani ruɗanin ke shigowa. Na sha jin ana haɗa "MAX" ɗin Boeing da kamfanin Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal. Suna ne ya zo ɗaya, babu dangantaka. Babban jirgin nan mai ƙusumbi da aka san kamfanin da shi a jigilar alhazai 747-400 ne, lambarsa B744.

Karatun ba wuya. Harafin farko yawanci na maƙerin ne: B na Boeing, A na Airbus, E na Embraer. A333 na nufin Airbus A330-300. Akwai masu baƙin hali irin B77W, wato 777-300ER, wanda aka laƙaba wa W saboda B773 ta riga ta zama ta yayansa 777-300. A tikiti kuma wata lambar daban za ka tarar, ta ƙungiyar IATA, mai gurbi uku kacal: 738, 744, 77W.

Amfanin ya wuce kashe jita-jita. B738 ba ya ɗaukar fasinja fiye da 189, B744 kuwa yana kwashe sama da 400. Wanda ya san haka, ya kuma san jirgin da ke tafe filin Sultan Abubakar III, zai iya ƙiyasta ko sahun ƙaramar hukumarsa zai samu shiga, kafin ya ƙona kuɗin mota daga Kebbe don rakiya.

Ra'ayina shi ne Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Sakkwato da NAHCON su riƙa sanya samfurin jirgi da lambarsa a kowace sanarwar tashi, kusa da rana da adadin maniyyata. Mu ma ƴan jarida mu daina rubuta "wani jirgin Boeing" mu wuce. Haruffa huɗu ba za su cinye mana fili ba.

Amma kada a ɗora wa lambar abin da ba nata ba. Ba ta faɗin shekarun jirgi ko yadda ake kula da shi, don jirage biyu na iya zama B738 alhali ɗaya ya girmi ɗaya da shekara 15. Mai son sanin wannan sai ya bi lambar rajistar da ke jikin jirgin, wadda ke farawa da 5N a Najeriya, HZ a Saudiyya. Tabbatar da lafiyarsa kuwa aikin hukumar NCAA ne, ita ya kamata a tsare da tambaya.